Ciwon Zuciya A Indiya: Gado Ne Ko Jinkiri?

An daɗe ana cewa Ba'indiye da ciwon zuciya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wai a jininsa abin yake. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma ta zama mafakar masu ƙyuyar ɗaukar mataki.

Ciwon da ake nufi shi ne toshewar jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya farat ɗaya. Maiƙo ne ke taruwa a bangon jijiyar shekara da shekaru. Ranar da ya tsage sai jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe, tsoka ta soma mutuwa.

Babu musu, yana riskar mutanen kudancin Asiya da wuri. Binciken INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52, aka kuma fitar da sakamakonsa a 2004, alƙalumansa sun nuna ciwon kan fara buge su suna wajen shekara 53, sauran al'ummomi kuwa sai kusan 59. To, amma binciken nan dai ya gano cewa abubuwa 9 ne ke ɗauke da kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin a ko'ina, cikinsu har da taba, maiƙo a jini, hawan jini, ciwon sukari da tumbi. Su ne ke taruwa wa Ba'indiye tun da sauran ƙuruciyarsa. Sau da yawa za a gan shi siriri, alhali kitse ya kewaye masa hanji, ga kuma bidi a baki, wato ƙaramar tabar nan da ake naɗewa da ganye.

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. Rajistar CREATE ta 2008 ta bi diddigin majinyata fiye da 20,000 a asibitoci 89 na Indiya. Rabinsu sun kwashe awa 6 ko fiye kafin su isa asibiti, kuma ƙalilan ne motar asibiti ta kai. Cikin kwana 30, kashi 8.2 na talakawa sun rasu, masu hali kuwa kashi 5.5. Da aka yi la'akari da irin jinyar da kowa ya samu, sai ratar ta ɓace. Ashe magani da aikin buɗe jijiya ne suka raba su, ba jini ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya su kai na'urar auna bugun zuciya da allurar narkar da gudan jini ƙananan asibitocin karkara, inda talaka ke fara zuwa da ciwon ƙirji.