SABUNTA BUTUTUN RUWA A UNGUWANNI: ME YA SA RUWAN BA YA ISA WASU GIDAJE?

Sanin kowa ne cewa a duk garin da aka shimfiɗa sabon bututu ko aka kafa sabon tanki, jama'a kan yi murna matuƙa. Sai dai bayan 'yan watanni akan fara jin koke daga gidajen da ke kan tudu da na ƙarshen layi, cewa famfonsu ɗigo kawai yake yi, alhali na bakin tanki suna ambaliya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a da shugabanninsu bayani, domin a fahimci inda gizo ke saƙar.

Jihar Kano ta daɗe tana zuba jari a harkar ruwa. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka kafa matatar ruwa ta Challawa. A 1974, zamanin mulkin Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Haka kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta yi mulki daga 2003 zuwa 2011, ta gina sabuwar matatar Tamburawa da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a kullum, da ta Watari da ke Bagwai mai lita miliyan 75. A karkara kuwa, mafi yawan garuruwa sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da tankin sama, waɗanda da yawansu ke aiki da hasken rana. Amma yawan ruwa a matata ko a tanki daban, ƙarfinsa a bakin famfo daban.

Ƙarfin ruwan famfo yana samuwa ne daga tsayin tankin da ruwan ya fito. Ruwa ba ya hawa da kansa ya wuce tsayin da ya taso. Idan tankin gari yana da tsayin mita 9, kuma wani gida yana kan tudun da ya ɗara gindin tankin da mita 6, to mita 3 kacal suka rage masa, su ma gogayyar ruwa da jikin bututu za ta ci wani abu daga ciki. Faɗin bututu ma yana da tasiri, domin bakin bututu mai inci 4 ya ninka na mai inci 2 har sau huɗu. Tsohon bututun ƙarfe kuwa, tsatsa ce ke taruwa a cikinsa har hanyar ta tsuke, shi ya sa ake maye gurbinsa da na roba. To amma idan an sabunta babban layi, mai gida kuma ya bar nasa tsohon bututun da ya toshe, ba zai ga wani canji ba.

Babbar matsalar da muke son jawo hankalin jama'a a kanta ita ce ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun gwamnati. Wanda ya yi haka bai ƙara ko da cokali ɗaya a ruwan unguwa ba, rabon maƙwabtansa kawai ya zuƙe. Da zarar mutum ɗaya ya fara, sai na kusa da shi ya sayo wanda ya fi ƙarfi, a ƙarshe talakan da ba shi da halin sayen inji shi ne zai koma sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, ko ya tura yaransa rafi a lokacin da ya kamata suna makaranta.

Bugu da ƙari, akwai haɗari ga lafiya. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage, ruwan fita yake yi waje. Amma idan inji ya zuƙe shi, sai ya shiga tsotso duk abin da ke kewaye da tsagar. Idan aka yi la'akari da yadda wasu ke ratsa bututunsu ta cikin kwata da lambatu, za a gane irin ƙazantar da ke iya shiga randunan jama'a. Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ce ana zaton ta kama mutane fiye da 100,000, ta kuma hallaka fiye da 3,500, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Akwai masu cewa ruwan ba ya zuwa sai tsakar dare, kuma na ɗan lokaci, saboda haka dole ce ta sa su jan sa da inji. Wannan koke gaskiya ne, kuma rashin tsayayyar wutar lantarki da yawaitar jama'a suna daga cikin dalilansa. Sai dai akwai hanyar da ba ta cutar da kowa. Mai hali ya gina kwarmin ajiya ko ya ajiye tanki a ƙasa, ruwan famfo ya riƙa zuba a ciki da kansa, a sa masa ƙwallon nan da ke rufe ruwa idan ya cika. Daga wannan tanki ne inji zai tura ruwan zuwa tankin saman gida. A rufe tankunan da kyau, a kuma riƙa wanke su.

Har ila yau, ya kamata magidanta su sani cewa bayan an sabunta layi, ƙarfin ruwa kan ƙaru a gidajen da ke kwari, musamman da dare lokacin da masu ɗiba suka ragu, har ya fasa tsofaffin mahaɗai. A sa makulli a inda bututu ya shigo gida, a kuma kira mai gyaran famfo ya duba. Ranar farko ruwan kan zo da iska da laka, sai a bar shi ya zuba har ya washe. Kada kuma a raina yoyo, domin famfon da ke ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a kwana guda, wato gwargwadon mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya na buƙata a kullum.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, muna ba da shawarar cewa kafin a karɓi kowane aiki daga hannun ɗan kwangila, a je gidan da ya fi nisa da wanda ya fi tudu a buɗe famfo da safe, lokacin da kowa ke ɗiba. Idan ruwa ya zo a nan, aiki ya yi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa, su tsaya tare da kwamitocin kula da ruwa a tsara rabon lokaci tsakanin shiyyoyi, a rubuta duk gidan da aka ja wa layi, a kuma hana huda bututu ba tare da izini ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga jama'a da su riƙa kai rahoton fashewar bututu ga ofishin Hukumar Ruwa mafi kusa ko sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsu, su kuma biya kuɗin ruwa a kan lokaci, domin da shi ake yin gyara. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu ikon kula da abin da aka samar mana, amin.