Tarbiyya a Fina-finan Da Marasa Sauti

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Idan muna neman shaidar wannan karin magana, sai mu dubi fina-finan farko, waɗanda ba a jin muryar kowa a cikinsu. Daga 1895, lokacin da 'yan uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara nuna hoto mai motsi a birnin Paris na Faransa, har zuwa 1927 da fim mai magana ya fara samun karɓuwa, galibi hoto da ɗan rubutu da kiɗa su ne abin da ɗan kallo yake samu. Duk da haka fina-finan nan sun yi wa'azi, sun tsawata, wasu kuma sun ɓatar. A ganinmu, ɗalibin yau yana da abin koyo a cikinsu.

Mu fara da cin amanar talaka. A 1909 D. W. Griffith na Amurka ya yi wani gajeren fim mai suna A Corner in Wheat. Wani attajiri ne ya saye alkamar kasuwa kaf don farashi ya tashi. Kuɗin burodi ya ninka. Sai a nuna mana shi yana liyafa da abokansa, nan take kuma a juya a nuna matalauta sun yi layi a shagon burodi, wata uwa ta koma gida hannu wofi. Daga ƙarshe attajirin ya zame ya faɗa rumbun alkamarsa, hatsin ya binne shi. Duk wanda ya san halin masu ɓoye hatsi sai damina ta yi nisa ba ya buƙatar tafinta.

Sai kuma Lois Weber, mace ce, kuma tana cikin manyan masu shirya fim na zamaninta. Fim ɗinta Shoes na 1916 labarin wata budurwa ce mai aiki a kanti, wadda albashinta ne yake ciyar da gidansu, mahaifinta kuwa yana kwance yana karatun littattafan hira. Takalminta ya mutu har tana cusa kwali a ciki. Kowane mako sai a ce mata ta yi haƙuri. Da abin ya ishe ta, sai ta sayar da mutuncinta don takalmi. Weber ta bar mu da tambaya mai nauyi: laifin na yarinyar ne kaɗai, ko har da uban da ya ƙi neman aiki da mai kantin da yake biyan abin da bai kai ya kawo ba?

Charlie Chaplin kuma da dariya ya bi. A fim ɗinsa The Kid na 1921, wani matalauci marar ko sisi ya tsinci jaririn da aka yar, ya rene shi a ɗan ɗakinsa. Da hukuma ta zo ɗauke yaron zuwa gidan marayu, sai ya bi ta kan rufin gidaje har ya ƙwato shi. Chaplin kansa ya zauna a gidan gajiyayyu na Landan yana yaro, saboda haka ya san abin da yake nunawa. Darasin a fili yake: riƙon maraya aikin zuciya ne, ko da aljihu babu komai.

To, amma kada mu ɗauka duk abin da aka yi a da alheri ne. Griffith ɗin nan da ya tausaya wa masu layin burodi shi ne ya yi The Birth of a Nation a 1915. A cikinsa an shafa wa Turawa baƙin fenti suka fito a matsayin baƙar fata, aka nuna su kamar miyagu, aka kuma mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai. An nuna fim ɗin a fadar shugaban Amurka Woodrow Wilson. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi zanga-zanga a kansa, amma mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo, kuma a wannan shekara aka sake farfaɗo da Klan a jihar Jojiya. A 1920 wani baƙar fata, Oscar Micheaux, ya fito da Within Our Gates, inda ya nuna yadda ake rataye baƙaƙe ba tare da shari'a ba.

Wani zai ce ai fim wasa ne kawai, me ya kawo maganar tarbiyya? Mutanen wancan zamani ba su ɗauke shi wasa ba. A ƙarshen 1908 magajin garin New York ya rufe gidajen kallo na birnin, a 1912 kuma aka kafa hukumar tace fina-finai a Ingila. Sai dai hukuma ba ta hana fim ɗin Griffith yin ɓarnar da ya yi ba. Wannan ya nuna mana cewa babban mai tacewa shi ne ɗan kallo da kansa.

Don haka, 'yan uwa ɗalibai, yau da fim ya shigo har cikin wayar hannunmu, mu riƙa tambayar kanmu bayan kowane kallo: wa aka sa na tausaya wa? Wa aka sa na raina? Me aka mai da abin dariya, me kuma aka mai da abin sha'awa? Gwanintar mai shirya fim ba ta nuna gaskiyarsa, domin wuƙar da ta yanka nama ita ce take yanka yatsa. Allah ya ba mu ido mai gani da hankali mai tantancewa, amin.