Ku Toshe Hayaniya, Amma Ku Bar Wa Iska Hanya

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san irin wannan dare. An ɗauke wuta, sahu ya fara ɗaukewa, da ƙyar kun samu jariri ya yi barci, tsohon da kuke jinya ya fara gyangyaɗi, sai maƙwabci ya ja igiyar janaretansa a bayan tagarku. Ta ɗaya bangon kuma talabijin na ta zuba har ƙarfe ɗayan dare. Gari na wayewa kowa da jan ido, kai na sarawa, magana kaɗan sai faɗa.

Da yawanmu mun ɗauki wannan a matsayin abin haƙuri kawai, wai ai zo mu zauna zo mu saɓa. Ni kuwa a ganina batun lafiya ne. Kunne ba shi da murfi kamar ido, ko kuna barci yana kan aiki. Ƙarar da ba ta kai ta tashe ku ba tana iya ɗaga bugun zuciya, ta fito da ku daga barci mai nauyi zuwa sama-sama, ku tashi a gajiye alhali kun yi awa takwas a kwance. Idan abin ya zama na kullum, yana cikin abubuwan da masana ke dangantawa da hawan jini da ciwon zuciya. Tun a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke ci gaba a ɗakin kwana da dare ta wuce desibel 30, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Talatin kuwa kusan raɗa ce, hirar yau da kullum tana wajen 60.

Don haka idan kun yi niyyar gyara ɗakinku da hannunku, ina bayanku. Sai dai ku san tun farko cewa tsit ɗin daji ba zai samu ba. Abin da ake nema shi ne ragi, kuma ragin desibel 10 kunne na jin sa kamar an raba ƙarar biyu, wanda ya isa ya mayar wa mutum da barcinsa.

Bari in fara da inda aka fi asarar kuɗi. Za ku ji an ce a manna kwalin kiret ɗin ƙwai ko yankakken soson katifa a bango. Wannan ba ya hana ƙarar maƙwabci shigowa. Abu mara nauyi mai ƙofofi irin soso aikinsa shi ne rage amsa-kuwwar sautin da ke cikin ɗakin, shi ya sa ake ganin irinsa a ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyo. Amma sautin da ke ratso bango nauyi ne ke tare shi, kuma soso ba shi da nauyi. Ga shi kuma makamashi ne. A watan Fabrairun 2003, a wani gidan rawa da ke jihar Rhode Island ta Amurka, soson da aka manna a bango don rage wa maƙwabta hayaniya ya kama da wuta, mutum 100 suka rasu. Ku tuna cewa a ɗakunanmu akwai kyandir, akwai maganin sauro na kunnawa, akwai wayoyin wuta da aka harhaɗa, sannan hayaƙin soso guba ne. Ba zan so in ga bangon da yaro ke kwana a jikinsa an lulluɓe shi da wannan ba.

Aikin da ke da amfani yana farawa ne daga kafofi, domin duk inda iska ta bi, sauti ma zai bi. Da dare ku kashe fitilar ɗaki, wani ya tsaya waje da tocila yana haska gefen ƙofa da taga. Duk inda haske ya ɓullo, nan ne hanyar. Yawanci za ku tarar ƙasan ƙyaure ne babban mai laifi. Ku yanko robar tsohon tiyub ku kafa ta da ƙananan ƙusoshi a ƙasan ƙofar da gefunanta, ko ku ɗinka doguwar jaka ku cika ta da yashi ku riƙa tokarewa. Tsagar bango, da ramin da aka huda don waya ko bututu, da kewayen soket ɗin da ke bangon da kuka haɗa da maƙwabci, duk a cike su da siminti; na soket kam sai an kashe wuta, kuma gara mai gyaran wuta ya yi. Tagar luba mai jerin gilasai kusan ba ta tare komai, don ba ta rufuwa ruf. Idan ita ce ke kallon hayaniyar, a sa kafinta ya yi mata murfin katako mai kauri da roba a gefe, wanda za a riƙa sawa da dare a cire da safe.

Akwai wata hanyar da ba a cika lura da ita ba. A gidajen haya da yawa bangon da ya raba ɗakuna iyakarsa silin, daga nan zuwa kwanon rufi fili ne guda na kowa da kowa. Sai maganar maƙwabci ta hau sama ta tsallako ta sauko muku, ku kuma kuna ta zargin bango. Ku kasa kunne ku ji ko daga sama take fitowa. In haka ne, maganin shi ne magini ya ƙarasa bangon har rufi, da izinin mai gidan. Amma idan silin ɗin tsohon allon asbesto ne, kada ku fasa ko ku huda shi da kanku, ƙurarsa tana lahanta huhu.

Shi bangon kansa, nauyi yake so. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa na gargajiya mai kaurin bango ya san shirun da ke cikinsa, ba kamar bulo inci shida mai rami a ciki ba. Ƙa'idar ita ce duk ninka nauyin bango sau biyu yana rage kusan desibel 6 ne kawai, saboda haka kada ku sa ran abin mamaki daga ɗan siririn katako. In bulon tsirara yake, yaɓen siminti zai taimaka ƙwarai. In kuwa ba hali, ku jingina kabad ɗin kaya cike da tufafi a wannan bangon, ku janye gado zuwa ɗaya gefen yadda kan mai barci ba zai taɓa bangon maƙwabci ba. Labule mai kauri da darduma suna ɗan tausasa ɗaki, iyakarsu ke nan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗakin da aka toshe wa sauti an toshe masa iska, kuma garin neman gira ana iya rasa ido. A zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, mutum biyar ko shida a rufaffen ɗaki hatsari ne ga jariri da tsoho, kuma lokacin ne na sanƙarau, cutar da cunkoso ke taimaka wa yaɗuwa. Da hunturu kuma sai a shigo da kaskon gawayi don ɗumi. Gawayi da janareta duka suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Mai barci ba ya jin shigarta. Saboda haka ku toshe ɓangaren da ke kallon hayaniya, ku bar taga ko kafar iska ta ɓangaren da ya fi shiru a buɗe da ragar sauro. Ɗakin da tagarsa ɗaya ce tak, kada a rufe ta ruf ko da ƙarar ta dame ku. Gawayi kuwa kada ya kwana a ɗaki ko kusa. Idan mutanen ɗaki suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, suka kuma ji sauƙi bayan sun fita waje, kada ku ce zazzaɓi ne. Ku fitar da kowa ku nufi asibiti nan take.

Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ganin rabin aikin yana hannun maƙwabci, kuma zuwa wurinsa ya fi duk wani gyara arha. A fili, duk ninka nisan inji sau biyu yana rage ƙararsa da kusan desibel 6, daidai da ninka nauyin bango. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa a ajiye janareta aƙalla ƙafa 20, wajen mita 6, daga ƙofa da taga, saboda hayaƙi. Tsohuwar taya a ƙarƙashinsa tana rage girgizar da ke bin daɓe, gyaran salansa kuma ba tsada. Ku same shi da rana, ba cikin fushin dare ba, ku gaya masa akwai mara lafiya a ɗakin, ku ce za ku sa hannu a kuɗin ƙarin waya. In ya ƙi, akwai mai gidan, akwai mai unguwa, akwai kuma dokar hana hayaniya ta 2009 da hukumar NESREA ke kula da ita.

Kafin a daidaita, sautin fanka mai tafiya bai-ɗaya yana lulluɓe ƙananan motsi, kuma babba zai iya sa matoshin kunne na soso da ake sayarwa a kantin magani. Ban da jarirai, ban da mai ciwon kunne, ban da wanda shi kaɗai ne zai ji kiran mara lafiya cikin dare. Idan kuma ɗaki ya yi shiru amma har makonni barci ya ƙi zuwa, to ku je a auna jininku, ku gaya wa likita tun yaushe abin ya fara.