Faifan Sola da Allurar Ɗanki

In kin kai yaro rigakafi a Mahuta ko wani asibitin karkara a ƙasar Zuru, ɗaga kai ki dubi rufin kwano. Idan kin hango baƙin faifan nan, wataƙila shi ke riƙe da firjin alluran. Yawancin alluran rigakafi sanyin digiri 2 zuwa 8 suke so. Zafi na bugun su ƙarfinsu yakan ragu, kuma sau da yawa ido ba ya ganewa. Mu ma'aikatan jinya, wannan ya fi duhun ɗaki tayar mana da hankali.

Sola dai ba jiya aka fara ta ba. Tun 1839 wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano haske na iya ba da lantarki. Sai a 1954 masu bincike na kamfanin Bell a Amurka suka ƙera na silikon, wanda kusan kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken yake mayarwa wuta. Tsada ta sa tauraron ɗan'adam ya riga mu morar sa, tun 1958. Na yanzu da yawa sun haura kashi 20, kuma akasari a Chaina ake ƙera su da yawan gaske, shi ya sa farashi ya sauko har ya iso ƙauyukanmu.

In kina da shi a gida, ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi. A goge da tsumma mai laushi da sassafe. Batiri mai ruwa kuwa akwai dalma da asid a cikinsa. Don Allah kada a ajiye shi inda yara ke kwana, in ya mutu kuma kada a fasa shi a tsakar gida.