Wasiƙa daga Doha: Wane wasan daɓe ne ya cancanci riyal ɗinka?

Duk shekara idan zafin Doha ya fara sauka, daga wajen watan Nuwamba, sai gari ya farka. Sanarwar wasanni takan cika allunan talla, a zaurukanmu na WhatsApp kuma tambaya ɗaya ce ke ta yawo: wanne ne ya cancanci mutum ya kashe masa kuɗi da dare guda? Tambayar tana da nauyi. A Katar mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne a wata, ban da kuɗin abinci da na masauki, kuma da yawa daga cikin 'yan uwanmu hutun kwana ɗaya suke samu a mako. Mu ɗalibai ma alawus ɗinmu a ƙidaye yake. Wanda ya sayi tikitin wasan da bai gamsar da shi ba ya yi asara biyu: kuɗin da zai iya turawa gida, da Juma'ar da ba za ta dawo ba.

Na daɗe ina sauraron masu zuwa kallo, Hausawa da sauran baƙi irinmu, na kuma lura ra'ayoyinsu sun kasu gida uku.

'Yan gida na farko su ne masu son manyan wasannin kiɗa da waƙa da ake kawowa daga Landan da New York. A wurinsu, in za a kalla a kalli wanda duniya ta riga ta shaida. Hujjarsu ba ta da rauni. The Lion King yana kan dandamali tun 1997, Les Misérables kuma tun 1985 ake yin sa a Landan, The Phantom of the Opera ya shekara 35 a New York kafin a rufe shi a 2023. Wasan da ya daɗe haka yana cika kujeru ba zai rasa abin da yake ba mutane ba. Irin waɗannan sun fara zuwa yankin nan: an yi The Lion King a Abu Dabi a ƙarshen 2022, Hamilton ya biyo baya a farkon 2024. Mu ma a Doha muna da inda zai ɗauki irinsu, wato babban zauren cibiyar taro ta ƙasa da ke Birnin Ilimi, mai kujeru fiye da 2,000.

Abin da masu wannan ra'ayi suke yabawa shi ne gwaninta: murya, fitilu, sutura, da yadda dandamali ke juyewa daga fada zuwa daji kafin ka ƙifta ido. Na yarda da su cewa ya kamata mutum ya ga irin wannan ko da sau ɗaya ne a rayuwa, gani ya kori ji. Amma akwai abin da ba su cika faɗa ba. Kujera mai kyau takan kai ɗaruruwan riyal, mai arha kuma takan kai ka can ƙurya, inda fuskar ɗan wasa ba ta fi ƙwayar gero ba. Sannan labarin kusan duka a cikin waƙa yake, da Turanci mai sauri. Wanda bai san labarin tun daga gida ba zai fito yana yabon fitilu, ka tambaye shi me ya faru ya hau kame-kame. Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya karanta labarin ya kuma saurari waƙoƙin kafin ranar.

A cikin wannan gida akwai wasa ɗaya da har yanzu ake maganarsa. A watan Nuwamban 2022, lokacin gasar cin kofin duniya, an nuna Monsoon Wedding a gidan wasa na Abdul'aziz Nasir da ke Suk Wakif. Mira Nair ce ta mayar da fim ɗinta na 2001 zuwa wasan daɓe mai waƙoƙi. Labarin wani gida ne a Delhi da ke shirin aurar da 'yarsu, ango ya taho daga Amurka, uban amarya yana fama da kuɗin biki, dangi sun cika gida, ga kuma wani sirri mai muni da aka daɗe ana rufewa don kada a kunyata babba. Bahaushen da ya taso da finafinan Indiya, ya kuma san yadda biki ke tara dangi da gulmarsu, ba ya bukatar tafinta a nan. Wannan ya nuna cewa girman suna dabam, kusancin labari da zuciyar mai kallo dabam.

'Yan gida na biyu su ne masu cewa a je wasannin Larabawa, na 'yan ƙasa da na ƙungiyoyin da ke zuwa daga Kuwait, musamman a hutun salla. Su ne mafi ƙaranci a cikinmu, ni kuwa a ganina su suka fi gaskiya. Katar tana da tarihin wasan daɓe nata na kanta. Abdurrahman al-Manna'i ya rubuta Ummuz Zain a 1975, an gina gidan wasa na ƙasa a bakin teku a shekarun 1980, Ganim as-Sulaiti kuma ya yi suna da wasannin barkwanci masu zambo, irin su Amjad Ya Arab, inda yake taɓa shugabanni da talakawa cikin raha. Ma'aikatar al'adu tana shirya bikin wasan kwaikwayo na Doha, ga kuma zauren wasa a Katara, unguwar al'adun da aka buɗe a 2010.

Mu baƙi muna iya shekara biyar a garin nan ba mu taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba. Muna haɗuwa da su a ofis, a asibiti, a masallaci, kowa da fuskarsa ta waje. A gidan wasa ne za ka ji abin da ke ba su dariya da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: tsadar aure, cin bashi don a burge maƙwabta, saɓanin tsoho da ɗansa da ya dawo daga karatu a Turai, alfarma a wurin aiki. Za ka ji dariya ta tashi a wani wuri, a wani wurin kuma zaure ya yi tsit, daga nan ka gane inda miki yake. Babu littafin da na karanta a kan ƙasashen nan da ya koya mini haka cikin sa'o'i biyu.

Matsalar ita ce harshe. Larabcin da muka koya a Islamiyya ba shi ake yi a dandamali ba. A bakinsu kifi ya tashi daga samak ya koma simach, kaza daga dajaj ta koma diyay. A wasan farko rabin barkwancin zai wuce ka. Maganinsa ka tafi da wanda ya jiƙu da harshen, ko ka fara da tsofaffin wasannin da ke YouTube, inda za ka iya tsayarwa ka maimaita. Kunne yana sabawa da wuri fiye da yadda ake zato.

'Yan gida na uku masu son ƙananan ƙungiyoyi ne, na mutanen da ke aikinsu da rana su yi atisaye da dare. Mafi daɗewa ita ce Doha Players, wadda aka kafa a 1954, tana wasanninta da Turanci. A ranar 19 ga Maris 2005 wani ya tayar da bam a mota a bakin gidan wasansu ana tsakiyar wasan Shakespeare mai suna Twelfth Night, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Ƙungiyar ba ta watse ba, ta ci gaba da wasa. A irin waɗannan wurare tikiti ya fi sauƙi, kana kusa da 'yan wasa har kana jin numfashinsu, wani lokaci murya ta ƙi fita ko labule ya maƙale. Masu son gida na farko suna ganin wannan kasawa ce. Ni kuwa abin da nake gani malamin makaranta ne da ma'aikaciyar jinya sun ƙi yarda rayuwarsu a ƙasar waje ta tsaya a aiki da barci.

To da wane ma'auni za mu auna? Muna da namu, ba sai mun ara ba. Mun taso da Samanja Mazan Fama, inda marigayi Usman Baba Pategi ya mayar da rayuwar bariki abin dariya da darasi. Mun karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a makaranta. 'Yan uwanmu na Nijar suna da Yazi Dogo. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina gidan wasa na laka a shekarun 1970, ɗalibanta suna shiga unguwannin Samaru su ɗauko matsalolin mutane su mayar musu a wasa. Kafin duk waɗannan akwai tashe. Yaran Katar suna da garanga'o a tsakiyar azumi, suna bi gida-gida da jakunkuna ana zuba musu alewa da gyaɗa, amma namu tashen har da zambo: yaro ya sa gemun auduga ya kwaikwayi tsoho, a tsokani gwauro, a faɗa wa mai rowa gaskiya a ƙofar gidansa. A duk waɗannan ba fitila muke yabo ba. Wasa mai kyau a wurin Bahaushe shi ne wanda aka tashi ana cewa wallahi kamar wane, kowa ya koma gida da abin tattaunawa.

Da wannan ma'auni, ga abin da zan ce wa mai tambaya. Kafin ka biya, ka bincika da wane harshe ake wasan, kuma ko akwai fassara a allo. Ka duba shekarun da aka ƙayyade da abin da labarin ya ƙunsa, musamman in da iyali za ka je, domin kowa ya san iyakar abin da zai iya zama ya kalla tare da 'ya'yansa. Ka nemi ra'ayin wanda ya kalla da idonsa, ka kuma tambaye shi me ya tuna bayan kwana uku; in bai tuna komai ba sai kyan zaure, ka riƙe kuɗinka. Zuwa ba ya wahala: metro yana tsayawa a Katara da Suk Wakif, riyal 2 ne tafiya ɗaya. In kuɗin wasa ɗaya kake da shi a shekara kuma ba ka taɓa ganin babban wasan kiɗa ba, je ka gani. In ka taɓa gani, raba kuɗin uku ka zaga ƙananan, ka sa na Larabci a ciki.

Akwai kuma gida na huɗu da babu kowa a cikinsa tukuna, shi ne namu. Masana'antar Kannywood daga wasan daɓe ta fito; ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990. Da kyamara ta zo sai muka bar dandamali ya yi ƙura. A Doha muna da direbobi da masu gadi da likitoci da ɗalibai, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan zangon Kumasi, kowa da labarin da ya isa wasa: dillalin biza, kiran waya daga gida a ƙarshen wata, wanda ya tura hoto a jikin motar da ba tasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, babu wanda zai rubuta mana wannan. Ba a bukatar zaure mai kujeru 2,000. Ɗaki ɗaya da izinin hukuma, mutum shida, da wata biyu na atisaye sun isa a nuna wani abu a taron salla.

Ku da ke Landan da Alƙahira da Kuala Lumpur da Jidda, ku rubuto ku gaya mana wasan da kuka kalla ya zauna muku a rai, da wanda kuka yi da-na-sanin kuɗinsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.