Wuta-Wuta: Baƙon Da Ke Cin Mai Masaukinsa

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau, ya zarce Bunguɗu a ƙarshen damina, ba zai rasa ganin wani haki mai fure ja-ja a gindin dawa da gero ba. Kyan gani gare shi, amma manomi in ya gan shi sai ransa ya ɓaci. Shi ne wuta-wuta, waɗansu kuwa su ce ƙuduji.

Jama'a da yawa sun ɗauka ciyawa ce kamar sauran ciyayi, a nome ta a huta. Ba haka ba ne. Wuta-wuta ba ya iya rayuwa shi kaɗai. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tushe guda yana zub da dubbai, su kwanta cikin ƙasa har fiye da shekara goma. Ba za su tsira ba sai sun ji wani ruwa da saiwar hatsi ke fitarwa. Da sun tsira sai su liƙe wa saiwar, su yi ta tsotson ruwa da abincin da dawa ta tara wa kanta. Kafin ya leƙo waje manomi ya gan shi, ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Dawa ta tsumbure, ganye ya ƙone, mai gona yana ta zargin ƙarancin ruwan sama.

To, a ganinmu da laifinmu a ciki. Gonar da ta gaji, ba taki, kowace shekara hatsi bisa hatsi, ita ce gidan wuta-wuta. A zamanin En'e ƙasar Gusau ta yi suna wajen auduga da gyaɗa, kuma waɗannan biyu yaudararsa suke yi: saiwarsu takan ta da irin, ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. A saiwar auduga ma masana a Amurka suka fara gano sinadarin da ke tashinsa, cikin 1966. Da noman auduga ya ja baya, mun yar da makami ba mu sani ba. Ga kuma rashin tsaro da ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, ya tilasta su matsa wa na bakin gari.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mutum ya bari sai ya yi fure ya bushe, sa'an nan ya cire ya watsar a kan iyaka. Wannan ai shuka ce ya yi wa kansa da maƙwabcinsa!

Muna roƙon malaman makaranta su tono tushe guda a gonar makaranta, su wanke, su nuna wa yara inda ya liƙe wa saiwar dawa. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa su shawo kan hakimai da dagatai a sa rana guda, kowa ya fita ya tumɓuke na gonarsa tun bai yi fure ba, a tara a ƙone.