Alhaji, kafin ka biya kuɗin littafi, tambayi katin laburare

Kwanan baya wani Alhaji mai sayar da atamfa, wanda kullum yana kan hanyar Aflao, ya tare ni bayan sallar La'asar a nan Adidogomé. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce: "Malam, duba mini wannan. Yarinyata ce ta shiga Jami'ar Lome tana karatun lauya, wai duk waɗannan littattafai sai an saya." Na ƙirga, guda bakwai. Na tambaye shi ko yarinyar tana da katin laburaren jami'a. Ya ce shi bai ma san da wani kati ba.

To jama'a, a nan gizo ke saƙa. Mu 'yan kasuwa ba ma sayen buhun albasa sai mun zaga mun ji farashi, amma da an ce littafin boko sai mu miƙa kuɗi ido rufe, saboda kunyar kada a ce mun kasa.

Yawancin littattafan jami'a daga Faransa ake kawo su, da Yuro ake sa musu kuɗi, kuma Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai. Littafin Yuro 40 ya haura jaka 26 ke nan, tun ba a sa kuɗin jirgi da ribar mai kanti ba. Albashi mafi ƙanƙanta da gwamnatin Togo ta tsayar a 2023 sefa 52,500 ne. Wato littafi ɗaya ya cinye rabin albashin wata. Dattawa ba su manta da karyewar sefa ta Janairun 1994 ba, lokacin da duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi.

Jami'ar nan tun 1970 take, da sunan Jami'ar Benin, kafin a mayar da ita Jami'ar Lome a 2001, kuma tana da laburarenta domin ɗaliban da suka yi rajista. Da yawa daga littattafan da malami ke rubutawa a takarda, babi biyu ko uku kaɗai za a karanta a zango ɗaya. Me ya sa za a saye shi ya zauna yana shan ƙura? Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ɗalibin lauya ba ya rabuwa da su, suna nan kyauta a intanet. Masu karatun likita akwai shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 domin ƙasashe irin namu. Ɗalibi ya tambayi ma'aikatan laburare yadda ake shiga.

Na san abin da yara za su ce: ɗalibai dubbai, kwafi kaɗan, lokacin jarrabawa kowa na neman littafi ɗaya, wani bugun kuma ya tsufa. Ban musa ba. Amma wanda ya je a makon farko na zango ba ɗaya yake da wanda ya tuna da laburare saura kwana uku a shiga jarrabawa ba. Littafin da za a buɗe kowace rana shekara uku, wannan a saya, ko yara huɗu su haɗa kuɗi. Mu da muka taso a makarantar zaure mun san haka: Risala ɗaya takan zaga hannun almajirai biyar, babu wanda ya fasa karatu.

Alhajin nan dai na ce ya riƙe kuɗinsa tukuna, yarinya ta ɗauki takardar ta kai laburare, ta sa alama a kan abin da ta samu. Ta samu huɗu. Biyu ta karɓa aro wajen wata da ke gaba da ita a aji. Ɗaya ya saya.